Hausa a Fuskar Kwamfuta: Tarihin Gonar da Aka Shuka Ba a Nome Ba

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro da ya saba bayarwa kyauta. Magajiyarta, Windows 11, tana da sharuɗɗan da galibin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2017 ba su cika ba. Wannan hukunci da aka yanke a Amurka ya iso har ƙasar Zazzau, domin irin waɗannan tsofaffin na'urori, 'yan gwanjo da aka sayo a Zariya ko Kano, su ne ake samu a shagunan buga takardu da ɗakunan koyon kwamfuta na garuruwa irin su Ikara da Makarfi da Hunkuyi, hedkwatar ƙaramar hukumar Kudan. Tun 2015 kuwa jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta baki ɗaya, saboda haka ɗan manomin rake da ke neman shiga jami'a ba shi da makawa sai ya saba da madannai.

Akwai mafita ga tsohuwar na'ura, ita ce buɗaɗɗiyar manhaja, wadda kowa ke da izinin ya kwafe ta, ya duba cikinta, ya gyara, ya kuma rarraba. Sai dai tambaya ita ce, da wane harshe za ta yi wa yaron magana? Amsar tana cikin wani tarihi da ya faro tun kafin a ƙera kwamfutar farko.

A 1929 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa Hukumar Fassara, wadda ta zauna a Zariya ƙarƙashin Rupert East, ta kuma koma Hukumar Talifi a 1933. A shekarun nan ne haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, suka samu gindin zama a rubutun boko. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta, kuma a 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur. Abin lura a aikin waɗannan mutane shi ne ɗorewarsa. Suna da ofis da ma'aikata da ranar fitar da jarida, kuma duk sabon abin da ya shigo ƙasa sai sun zauna sun laƙaba masa suna. Maimaicin nan, fitowa bayan fitowa, shi ya sa kalmomin suka zauna a bakin jama'a.

Lokacin da kwamfuta ta zo, haruffan nan sun sake zama baƙi. Tsarin rubutun na'urorin farko an gina shi ne a kan baƙaƙen Ingilishi, shi ya sa aka daɗe ana rubuta ƙasa da kasa iri ɗaya, mai karatu ya yi ta lalube. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba kowane ɗaya daga cikinsu lambarsa, har da ƴ da ake amfani da ita a Nijar inda Najeriya ke rubuta 'y. To amma samun lamba daban, samun hanyar buga harafin daban. Wannan giɓi masu aikin sa kai suka cike, har ta kai a yau kusan kowace Linux tana zuwa da tsarin madannai na Hausar Najeriya da kuma na Hausawan Gana.

Ita kanta buɗaɗɗiyar manhajar tana da nata asalin. Richard Stallman ya ƙaddamar da aikin GNU a 1983, Linus Torvalds kuma ya fitar da Linux a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. Da farko sai ƙwararru ke iya sarrafa ta, domin komai sai an rubuta umarni. Daga baya aka yi mata fuska mai tagogi da hotuna. Matthias Ettrich ya fara KDE a Jamus a 1996, Miguel de Icaza da Federico Mena suka fara GNOME a Meziko a 1997. Waɗannan ayyuka sun ware kalmomin da ke bayyana a fuskar kwamfuta a cikin fayiloli na musamman, kowace jimlar Ingilishi da gurbin fassararta a ƙasa. Ma'ana, wanda ya san harshensa zai iya fassarawa ko da bai san shirya manhaja ba, ba ya kuma buƙatar izinin wani kamfani.

'Yan Afirka sun ga wannan ƙofa da wuri. A Afirka ta Kudu, Dwayne Bailey ya kafa Translate.org.za a 2001, ƙungiyar da ta yi aikin samar da OpenOffice a harsunan hukuma goma sha ɗaya na ƙasar a wancan lokaci. A Tanzaniya, aikin Kilinux na Jami'ar Darussalam ya fitar da Jambo OpenOffice da Suwahili a ƙarshen 2004. A Najeriya kuma, wajajen 2006, wani kamfani mai suna Leapsoft ya fito da Wazobia Linux. Sunan ya haɗa kalmar kira ta harsuna uku: wa ta Yarabanci, zo ta Hausa, bia ta Ibo. An fassara sassa da dama na fuskar GNOME zuwa harsunan uku, kuma daga bisani wasu daga fayilolin Hausar suka shiga babbar taskar GNOME, inda kowa a duniya zai iya ɗauka.

Shekarar 2007 ta zo kamar damina mai albarka. An kai ƙananan kwamfutocin shirin OLPC, masu aiki da Linux, wata makarantar firamare a Galadima da ke Abuja don gwaji. Kamfanin Mandriva na Faransa ya samu cinikin sanya Linux ɗinsa a kwamfutoci 17,000 na 'yan makaranta a Najeriya. Amma kafin shekarar ta ƙare, shugaban Mandriva, François Bancilhon, ya rubuta wa Steve Ballmer na Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa yana ƙorafin cewa an shirya goge Linux ɗin a maye gurbinsa da Windows bayan an karɓi kayan. A Legas kuma kamfanin LANCOR ya maka OLPC a kotu a kan tsarin madannai. Rigingimun nan biyu sun ja hankalin jaridun duniya, alhali abin da ya fi cutar da Hausa ya faru ne shiru, ba mai ƙara ba wanda ake ƙara.

Ga yadda abin yake. GNOME tana fitar da sabon salo duk wata shida, a Maris da Satumba. A kowane zagaye ana ƙara jimloli, ana sauya wasu. Da zarar jimlar Ingilishi ta sauya, ko da kalma ɗaya ce, sai a yi wa fassararta alamar shakku, kwamfuta ta daina nuna ta har sai wani ya zo ya duba. Idan ba mai dubawa, Ingilishi ke komawa gurbin. A Afrilun 2011 GNOME ta 3 ta fito da sabuwar fuska gaba ɗaya, aka ajiye tsofaffin sassan da masu fassarar Wazobia suka yi wa hidima. Ba wanda ya goge Hausar. An bar ta ne a ɗakunan da aka daina shiga, kamar gonar da aka yi wa shuka aka tafi, ciyawa ta rufe ta.

A nan ne bambanci da aikin Zariya ya fito fili. Fassarar 2006 aikin kamfani ce, mai farko da ƙarshe. Da kamfanin ya janye hannu, ba wata tsayayyar jama'a da ta gaje shi. Harsunan da suka ɗore a GNOME da KDE da LibreOffice, wadda ta ɓalle daga OpenOffice a 2010, ba lallai ne su fi yawan masu magana ba. Baskanci da Galishiyanci na ƙasar Sifen ba su kai Hausa yawan jama'a ko kusa ba, amma suna da 'yan mutane ƙalilan da ke komawa kan aikin kowane zagaye, da jerin kalmomin da aka amince da su, da mai tace abin da sabon shiga ya kawo. Manomin Kudan ya san wannan darasi fiye da kowa: rake ba ya zama mazarƙwaila ranar da aka dasa shi.

Tattaunawa a kan lamarin ba ta yanke ba. Ƙungiyar FOSSFA ta kawo taronta na Idlelo Abuja a 2012, kuma a 2018 aka kafa Open Source Community Africa a Najeriya. Mafi muhimmanci, Hausa ta samu irin jama'ar da ta rasa a 2006, sai dai a wasu fagage. Masu rubuta Wikipedia ta Hausa suna da ƙungiya mai haɗuwa da horar da sababbi, wasu kuma suna ba da muryoyinsu ga shirin Common Voice na Mozilla. Wannan shi ne aikin gayya na zamani, kuma hannun da ya iya shi zai iya fassarar fuskar kwamfuta.

Kayan aikin ma suna kusa. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana da masana Hausa da masana kwamfuta a harabar Samaru. Makarfi tana da kwalejin kiwon lafiya mai ɗauke da sunan marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris, inda ɗalibai ke buƙatar kwamfuta kullum. Fuskoki marasa nauyi irin su Xfce da MATE suna tafiya lafiya a na'urar da Windows 11 ta ƙi karɓa, kuma fayilolin Hausar da aka bari suna nan a buɗe, lasisinsu ya halatta wa kowa ya ɗora daga inda aka tsaya.

Abin da tarihin ya nuna shi ne, fassarar farko ita ce mai sauƙi. Mai wuyar ita ce ta zagaye na biyar da na goma, lokacin da ba bikin ƙaddamarwa, ba ɗan jarida, sai jimloli ɗari da suka sauya suna jiran mai dubawa. Idan aka samu malamai da ɗalibai kaɗan tsakanin Zariya da Ikara da za su riƙa zama a kan wannan kowane Maris da Satumba, tsohuwar kwamfutar da ke shagon Hunkuyi za ta ƙara shekaru tana aiki, kuma yaron da ya zauna gabanta karon farko zai karanta umarninta da harshen da aka yi masa raino.