Majnun: Sunan Da Babu Uban Da Ya Raɗa Shi

Mai karatu, idan kana zama majalisar samari a Tambuwal ko Kebbe, da wuya a ce ba ka taɓa jin an nuna wani an ce, "Wanga yaro ya zan Majnun" ba. Shi kuwa gogan dariya zai yi, har da ɗan jin daɗi. To amma je ka gaban dattijon da ya yi karatun zaure ka ce masa ɗansa majanuni ne, ka ga yadda fuskarsa za ta sauya. Kalma ɗaya ce fa! Abin da ya faru shi ne sau biyu ta shigo ƙasar Hausa, kuma ba ta ƙofa ɗaya ba.

Shigowar farko ta hannun malamai ce. A Larabci, majnun shi ne wanda aljanu suka taɓa, wato mahaukaci, kuma kalmar tana cikin Alƙur'ani a wuraren da kafirai suka jefi annabawa da ita. Bahaushe ya ara ya gyara ta daidai bakinsa, ta koma majanuni. Garuruwan malamai irin su Tambuwal, inda Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna, a haka suka daɗe da saninta. Babu ruwanta da soyayya.

Shi mai labarin, sunansa na yanka Ƙais ɗan Mulawwah, daga ƙabilar Banu Amir ta ƙasar Najadu, a ƙarni na 7. Ya so Laila, ya yi ta ambaton sunanta cikin waƙa a bainar jama'a, wanda abin kunya ne ga danginta. Aka hana shi, aka aurar da ita ga wani, shi kuma ya shiga jeji. Nan ne mutane suka laƙaba masa Majnun Laila, ma'ana Mahaukacin Laila. Abul Faraj na Isfahan ya tattara labaransa cikin Kitabul Agani a ƙarni na 10, har ya kawo maganar masu cewa ba a taɓa yin mutumin ba sam. A 1188 Nizami ya tsara labarin da Farisanci, Amir Khusrau na Delhi ya yi nasa a 1299. Ka ga ke nan Indiyawa sun riƙe shi ɗaruruwan shekaru kafin a san wani abu wai shi fim.

Ta can ya biyo ya sake iske mu. Fim ɗin Laila Majnu na 1976, wanda H. S. Rawail ya ba da umarni, Rishi Kapoor da Ranjeeta suka fito, shi ya kai sunan bakin waɗanda ba su taɓa buɗe littafin Larabci ba, musamman da kaset ɗin bidiyo ya isa ƙananan garuruwa. Wanda ya kalli wurin da ake jifan Rishi da duwatsu ba zai sake ɗaukar kalmar a matsayin zagi ba.

Sai dai a sunan fim ɗin Laila ce a gaba, kuma wannan ya kawo ɗan ruɗani. A kunnen Bahaushe, "Laila Majnu" ya yi kama da sunan yarinya da na mahaifinta, kamar ka ce Hauwa Ali. Shi ya sa za ka ji an ce, "Ke kam kin zama Laila Majnu," ana nufin mace ita kaɗai. A ganina wanda ya ce "sun zama Laila da Majnun" ya fi kusa da daidai, shi kuma saurayin da ya rufe wasiƙarsa da "naki, Majnuninki" ya mayar da ginin Larabcin yadda yake tun asali, ko da bai sani ba.

Laila dai ta ci riba, don ana raɗa wa 'ya'ya mata sunanta har gobe. Majnun kuwa sai a bakin abokai da shafukan littattafan soyayya. Ƙais ɗin ma, wanda shi ne sunan da ubansa ya ba shi, ƙirga ka gani ko ka san mutum uku masu amsa shi.