Tsofaffin fina-finai: adana su, mallakarsu da damar kallonsu

Kafin tsohon fim ya kai ga idon mai kallo a yau, sai abubuwa biyu sun daidaita: faifan da aka ɗauke shi a kai ya tsira daga lalacewa, sannan mai haƙƙin mallakarsa ya ba da izinin nuna shi, ko kuma wa'adin haƙƙin ya ƙare. Sau da yawa mai riƙe da faifan daban yake da mai riƙe da haƙƙin, kuma a nan ne matsalar take.

Har zuwa farkon shekarun 1950, ana ɗaukar fina-finai ne a kan faifan da ke ɗauke da sinadarin naitiret, wanda ke ruɓewa idan ya daɗe, yake kuma kama wuta cikin sauƙi. A 1937 gobara ta cinye rumbun kamfanin Fox da ke jihar New Jersey ta Amurka, ta laƙume mafi yawan fina-finansa marasa sauti. Wani rahoto da Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na dogayen fina-finai marasa sauti da aka yi a ƙasar tsakanin 1912 da 1929 sun ɓace baki ɗaya. Da zuwan fim mai magana, kamfanoni da dama ba su ga ribar kashe kuɗi wajen adana tsofaffin ba.

Ta ɓangaren doka kuwa, a 1998 Amurka ta tsawaita wa'adin haƙƙin mallakar tsofaffin fina-finai zuwa shekara 95. Shi ya sa Steamboat Willie na kamfanin Disney, wanda ya fito a 1928, bai zama mallakar kowa da kowa ba sai ranar 1 ga Janairun 2024. Cikin wannan dogon wa'adi, rumbun da ya gyara fim da kuɗinsa na iya rasa ikon nuna shi ga jama'a, musamman idan ba a san inda mai haƙƙin yake ba.

Tarihin It's a Wonderful Life na 1946 ya nuna tasirin wannan doka. Fim ɗin bai yi kasuwa sosai ba lokacin da ya fito. A 1974 ba a sabunta rajistar haƙƙinsa ba, sai gidajen talabijin suka riƙa nuna shi a kai a kai lokacin Kirsimeti, har ya shiga sahun fina-finan da Amurkawa suka fi ƙauna. A 1993 kamfanin Republic Pictures ya dawo da ikonsa a kan fim ɗin, yana dogaro da haƙƙin labarin da aka gina shi a kai da kuma kiɗansa, daga nan yawan nuna shi ya ragu ƙwarai.

Nijeriya ma ta ɗanɗana irin wannan. Shaihu Umar, fim ɗin Hausa da Adamu Halilu ya ba da umarni a 1976 bisa littafin Sa Abubakar Tafawa Balewa, ya daɗe ana zaton ya ɓace. A 2016 aka gano faya-fayensa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta ba fim kariyar shekara 50, amma kaset ɗin bidiyo, irin wanda aka ɗauki fina-finan Kano na shekarun 1990 a kai, yana iya lalacewa kafin wa'adin ya cika, idan ba a kwafe shi zuwa na'urar zamani ba.