Daren Jacksonville: yadda Kamaru Usman ya biya buƙatar 'yan kallo

A ranar 24 ga Afrilu 2021, mutane fiye da 15,000 suka cika zauren wasanni na birnin Jacksonville da ke jihar Fulorida ta Amurka, domin kallon gasar UFC 261. Rabon kamfanin UFC da ya tara jama'a maƙil a rufaffen zaure tun watan Maris 2020, kafin annobar korona ta rufe wuraren taro. Don haka aka shirya daren da gangan ya zama gagarumi: karawa uku ta neman kambun duniya a dare guda.

Wannan wasa ya haɗa naushi da shuri da kokawa da murɗe gaɓɓai a cikin keji mai kusurwa takwas. Karawar kambu turmi biyar ce, kowanne minti biyar. Idan ba wanda ya kwantar da wani, alƙalai uku ne ke yanke hukunci da maki. Hanyar nasara ke nan biyu, kuma darajarsu a wurin masu sayen tikiti ba ɗaya ba ce.

Kamaru Usman, wanda aka haifa a Auchi ta jihar Edo a 1987 kuma ya tashi a Amurka, ɗan kokawa ne tun asali; ya ci kambun kokawar jami'o'i na rukuni na biyu a 2010. Da wannan gwaninta ya karɓe kambun ajin kilo 77 daga hannun Tyron Woodley a Maris 2019. A Yuli 2020, a Abu Dhabi, ya kara da Jorge Masvidal, wanda ya amsa gayyata kwana shida kacal kafin wasan. Usman ya matse shi a jikin keji har turmi biyar, ya ci da maki. Nasara ce ba tantama, amma masu kallo da dama suka ce ba armashi, Masvidal kuma ya samu hujjar cewa bai shirya ba.

Abin da ke gaban Usman a Jacksonville ke nan. Kambu yana hannunsa, abin da ya rage shi ne amincewar kasuwa, wadda ke fifita wanda ya sumar da abokin karawarsa a kan wanda ya fi shi dabara. Ya riga ya koma horo a hannun Trevor Wittman, gwanin koyar da naushi. Minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi da shiga turmi na biyu, ya zabga wa Masvidal naushin dama a muƙamuƙi, ya zube. Ba a taɓa sumar da Masvidal a UFC ba sai ranar.

Sauran karawar kambun ma ba wadda ta kai ga alƙalai. Valentina Shevchenko ta kare kambunta, inda ta gama da Jéssica Andrade ta Brazil a turmi na biyu. Rose Namajunas, ita ma ɗalibar Wittman, ta ƙwace kambu daga Zhang Weili ta ƙasar Sin da shuri ɗaya a ka, cikin daƙiƙa 78.

Sai dai daren ya nuna farashin wannan armashi tun kafin a kai ga kambu. Daƙiƙa 17 da fara karawarsa da Uriah Hall, Chris Weidman ya kai shuri, ƙaurinsa ya karye a kan ƙafar Hall. A Disamba 2013, irin wannan karaya ce ta samu Anderson Silva, kuma a kan ƙafar Weidman ɗin ne.

A wancan lokaci haifaffun Afirka uku ne ke riƙe da kambun UFC: Usman, da Israel Adesanya ɗan Legas, da Francis Ngannou na Kamaru, wanda ya ci na ajin masu nauyi wata guda kafin nan. Nasarar Jacksonville ta ɗaga Usman zuwa sahun da ake muhawarar ko shi ne gwanin gwanaye a zamaninsa.

Amma ramin da ya kai Masvidal bai rufe ba. A Agusta 2022, a Salt Lake City, Usman yana gaba da maki a wurin alƙalai duka uku, saura ƙasa da minti ɗaya a tashi, Leon Edwards ya kai masa shuri a ka. Nan kambu ya tafi, tare da jerin nasarori 15 a jere da ya yi a UFC. Da aka sake haɗa su a Landan a Maris 2023, Edwards ya riƙe kambun, a wannan karon da maki.