Yadda Hanyar Karatun Waje Ta Rabu Biyu a New Bell

Mutumin da ya rasa ransa saboda ƙin yarda a kafa unguwar New Bell a birnin Duwala na Kamaru, shi kansa ɗalibin ƙasar waje ne. Rudolf Duala Manga Bell ya yi karatu a Jamus a shekarun 1890, a garuruwan Aalen da Ulm. Da Jamusawa suka ƙudura kwashe 'yan ƙabilar Duwala daga bakin kogin Wuri zuwa bayan gari, da dokarsu da ya sani ya ja da su, har kokensa ya kai majalisar Berlin. Ranar 8 ga Agusta 1914 suka rataye shi. Filin da aka ware don korarrun shi ne New Bell, amma a zamanin Faransa baƙi ne suka cika shi: Bamileke, Basa, da Hausawan da fatauci da aikin soja suka kawo bakin teku.

Waɗannan Hausawa sun zo da nasu tsarin. Yaro ya tasa, a haɗa shi da wani ɗan'uwa mai tafiya arewa, ya je Garwa ko Yola, in ya yi himma ya zarce Kano ko Zariya. Malami kuma ya sauko ya yi tafsirin azumi, ya kwana biyu yana ba da karatu a zaure, ya koma. Musayar ɗalibai da malamai ke nan, sai dai ba yarjejeniya, ba takardar shaida.

Ɗaya hanyar ta gwamnati ce. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Faransa ta fara ba 'yan Kamaru burs, wato tallafin karatu, su tafi jami'o'inta, domin ƙasar ba ta samu jami'a ba sai 1962, a Yawunde. To amma ƙofar burs a makarantar boko take, kuma a kudu da yawan makarantun na hannun mishan. Uba Musulmi yakan yi ta jan ƙafa, kuma ba za a ce tsoronsa ba shi da dalili ba. Sai dai an biya kuɗin wannan jan ƙafa da tsada: lokacin da ake rabon kujerun ofis bayan samun 'yancin kai a 1960, 'ya'yan unguwar Hausawa galibi suna kasuwa.

A can Kano kuwa an riga an ɗora tsohuwar hanya kan tsari. A 1934 aka buɗe makarantar shari'a da malamai da aka ɗauko daga Sudan, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947. A 1954 aka tura wasu matasan malamai Bakht er-Ruda ta Sudan, cikinsu har da Abubakar Gumi. Daga baya ƙofofin gabas suka ƙara buɗewa: ga Azhar tun da can, ga Jami'ar Musulunci ta Madina da aka kafa a 1961, ga ta Say a Nijar da ta fara aiki a 1986. Kamaru ta shiga Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a 1974, zamanin Ahmadu Ahijo. Waɗanda suka bi ta waɗannan ƙofofi sun dawo limamai da masu wa'azi da malaman makarantun Faranko-Arab. Cikas ɗin ɗaya ne: aikin gwamnati da Faransanci ko Turanci ake yi, kuma digirin waje sai hukuma ta tantance daidai da me yake. Mutum ya sha karatu har ya ƙoshi, amma a ofis a tambaye shi bak, wato takardar kammala sakandare.

Shekarar 1993 ta sauya lissafin kowa. Aka raba Jami'ar Yawunde, jami'o'in gwamnati suka zama shida, Duwala ta samu tata, Ngaundere ma haka. A lokaci guda aka soke burs ɗin da ɗalibai ke karɓa, aka sa kuɗin rajista sefa 50,000. A Janairun 1994 kuma darajar sefa ta faɗi da rabi, karatu a Faransa ya ninka tsada dare ɗaya. Masu hali da yawa suka karkata Jamus, inda har yau 'yan Kamaru ke cikin ɗaliban Afirka mafi yawa. Da ma ana koyar da Jamusanci a sakandare.

Musaya ta sosai, wadda jami'a ke ƙullawa da jami'a, ta fi bayyana a Ngaundere. Daga 1992 shirin Ngaoundéré-Anthropos ya haɗa masana na arewacin Kamaru da Jami'ar Tromsø ta Norwe. Malamai suka riƙa zuwa suna komawa, ɗalibai suka je can ƙuryar arewacin Turai suka koyi bincike da kyamara, akasari kan al'ummominsu. Abin da ya sa shirin ya yi armashi a ganina shi ne ba a ce wa ɗalibi ya bar abin da ya sani a gida ba. Shi ne ma jarinsa. Zuwa 2007 Kamaru ta rungumi tsarin digiri mai hawa uku irin na Turai, wanda ya sauƙaƙa wa ɗalibi ya yi zango ɗaya a waje a lissafa masa, sannan shirin Erasmus+ ya buɗe ƙofa ga jami'o'in Afirka.

Duk da haka, irin wannan dama ga wanda ya riga ya shiga jami'a take. Kuma abin mamaki, idon kowa na kan Turai, alhali Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Maiduguri na nan kusa, kuɗinsu da sauƙi, harshen kasuwarsu shi ne na gida. Masanin tarihi Eldridge Mohammadou, ɗan Garwa, a Maiduguri ya ƙare aikinsa na koyarwa. Attajiran Duwala da ke gina masallatai, da shugabannin jami'o'in ɓangarorin biyu, ya kamata su zauna su ƙulla musayar da za ta ba yaron New Bell damar zuwa Kano ya dawo da takardar da Yawunde za ta karɓa.