Jay-Z da Nas: Wa Ya Ci Karawar 2001, Kuma Wa Ya Yanke Hukuncin?

Yau za mu leƙa Amurka, mu duba wata fitacciyar karawa a waƙar gambara ta zamani, wato rap. Abin da ya ja hankalinmu gare ta shi ne mu ma kullum cikin alƙalanci muke. Da an sanar da sakamakon gasar rubutu sai gardama ta kaure, wannan ya ce an yi son kai, wancan ya ce cancanta ce. Tarihin Jay-Z da Nas zai nuna mana inda irin wannan gardama take samo asali.

A ranar 9 ga Maris 1997 aka harbe Notorious B.I.G., mawaƙin da ake ɗauka a matsayin sarkin gambarar New York. Kujera ta zama babu kowa, mutum biyu kuma suka fi kusa da ita. Nas ɗan unguwar Queensbridge ne, kundinsa na farko, Illmatic, wanda ya fito a 1994, har gobe ana sa shi a sahun gaba. Sai dai kundin Nastradamus da ya fitar a 1999 bai samu karɓuwa wurin masu sharhi ba, har aka fara cewa tauraronsa ya dusashe. Shi kuwa Jay-Z, ɗan gidajen Marcy a Brooklyn, kasuwarsa sai bunƙasa take yi. An ɗauki shekaru ana jifan juna da habaici kafin abin ya fito fili.

A bikin Summer Jam na gidan rediyon Hot 97 a 2001, Jay-Z ya rera wani ɓangare na waƙarsa "Takeover", inda ya caccaki Prodigy na ƙungiyar Mobb Deep, ya kuma ambaci sunan Nas a ƙarshe. Nas ya mayar da martani. Da kundin The Blueprint ya fito a ranar 11 ga Satumba 2001, ranar da aka kai wa New York hari, sai ga cikakken baiti a kan Nas.

A nan ya kamata marubuci ya nutsu. Jay-Z ya tsara baitin kamar lauya a gaban kotu. Ya lissafa kundayen Nas ɗaya bayan ɗaya, ya ba kowanne maki, ya kammala da cewa a tsawon shekarun nan guda ɗaya ne kawai ya yi armashi. Ya tuna wa mutane cewa shi ya ɗauki muryar Nas ya sa a waƙarsa "Dead Presidents", ya kuma yi iƙirarin cewa shi ya fi cin moriyarta. Ya tuhumi Nas da ba da labarin rayuwar da bai yi ba. Magana ce a jere, kowace tuhuma da abin da aka jingina ta da shi. Da yawa sun ɗauka an gama da Nas.

A watan Disamba Nas ya saki "Ether", wadda ta shiga kundinsa Stillmatic. Bai tsaya warware lissafin Jay-Z ba. Ya yi magana ne kamar babban wa da ƙane ya raina. Ya zana Jay-Z a matsayin tsohon mai sha'awarsa da ke neman a kula shi, ya zarge shi da kwasar kalaman marigayi B.I.G., ya yi masa ba'a a kan kamanninsa, ya ce Eminem ya fi shi a waƙar da suka yi tare. Wasu zarge-zargen babu wata hujja a bayansu. Amma zafin ran da ke cikin muryar, da barkwancin da ke sa mai sauraro dariya ko bai so ba, su suka tafi da mutane. Wanda ya san zambon makaɗan fada a ƙasar Hausa ya san wannan dabara: idan aka siffanta mutum har jama'a suka tuntsire da dariya, ba mai tsayawa tambayar ko gaskiya ne.

Jay-Z ya yi gaggawar ramawa da "Supa Ugly", a nan kuma ya yi tuntuɓe. Ya shigo da uwar 'yar Nas cikin faɗan da kalaman batsa. Hot 97 ta sa waƙoƙin biyu, ta ba masu sauraro damar zaɓe, Nas ya yi rinjaye. Mahaifiyar Jay-Z da kanta ta nuna masa ya wuce gona da iri, har ya koma rediyo ya nemi afuwa.

To, wa ya ci? Amsar ta danganta da kotun da muka shigar da ƙara.

Kotun masu sauraro ta ba Nas. Sai dai mu tuna an gwada "Ether" ne da "Supa Ugly", waƙar da aka yi cikin fushi da gaggawa. Da "Takeover" aka ɗora a ɗaya gefen sikelin, wataƙila da gardamar ta fi haka tsawo. Kotun masu sharhi ta raba gardama: mujallar The Source ta ba The Blueprint da Stillmatic cikakken makinta na makirufo biyar kowanne. Kotun kasuwa ta Jay-Z ce. Ya zama shugaban kamfanin Def Jam, bayan sun sasanta a bainar jama'a a watan Oktoba 2005 kuma, Nas ya sa hannu da wannan kamfani a farkon 2006, har suka yi waƙar "Black Republican" tare. Kotun harshe kuwa ta Nas ce, domin sunan waƙarsa ya zama kalmar aikatau a bakin masoya gambara, ana amfani da ita idan ana nufin an yi wa mutum kaca-kaca da magana.

Ashe masu gardamar nan fiye da shekara ashirin yawancinsu ba su saɓa a kan abin da ya faru ba. Ma'auninsu ne ya bambanta, kowa kuma bai faɗi nasa ba. Mai neman hujja zai zaɓi "Takeover", mai neman abin da ya taɓa zuciya zai zaɓi "Ether". Mu dai a ganinmu Nas ne ya ci, saboda karawa irin wannan domin jama'a ake yin ta, shi ya shiga cikinta ana ganin ya faɗi, ya fito da martabarsa ta dawo. Amma mun yarda cewa a tsarin gina hujja, baitin Jay-Z ya fi.

Abin da za mu riƙe a nan guda uku ne. Idan aka ba mu alƙalancin gasa ko sharhin littafin wani, mu bayyana ma'auninmu tun kafin mu buɗe shafin farko, domin wanda ya faɗi ya san a ina ya faɗi. Idan muna rubuta raddi, mu sani hujja kaɗai ba ta isa ba sai da murya mai rai. Sannan mu bar iyalin mutum a gefe, domin wanda ya taɓa su ya rasa goyon bayan ko da na gidansu.

Muna jiran ra'ayoyinku, amma duk wanda zai ce wane ya ci, ya fara gaya mana da wane ma'auni ya auna. Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya.