Wayar da ta fi ƙyalli ita ta fara tsatsa: tarihin tutiya a jikin ƙarfe

1/ Bara Umma ta ba ni kuɗin adashinta in sayo ragar waya a yi wa kajinta keji. Mai shago ya nuna min iri biyu: ɗaya tana walƙiya kamar azurfa, ɗaya toka-toka, ga kaushi, ga tsada. Ni da nake karatun injiniya, na ɗauki mai ƙyallin. Damina ɗaya ta gama da ita. Kunyar nan ce ta sa na bi tarihin abin. Ku biyo ni.

2/ Duka wayoyin biyu ƙarfe ne da aka lulluɓe da tutiya, wato farin ƙarfen nan da ke jikin kwanon rufi da bokitin ƙarfe. 'Yan kasuwa na ce musu "galbanais". Suna ɗaya, amma hanyar da aka bi aka sa tutiyar daban ce. A nan na faɗi jarrabawa.

3/ A 1742 wani masanin kimiyya ɗan Faransa, Paul Jacques Malouin, ya bayyana wa majalisar masana ta ƙasarsa cewa in aka tsoma ƙarfe cikin narkakkiyar tutiya, yana fitowa da riga mai hana tsatsa. An ji, an yaba, amma sai da aka kusa shekara ɗari kafin abin ya zama sana'a.

4/ A tsakanin nan, Luigi Galvani na birnin Bologna a Italiya ya ga ƙafar mataccen kwaɗo tana motsi in ƙarafa biyu mabambanta suka taɓa ta. Alessandro Volta ya ce sirrin yana wajen ƙarafan ne, har ya ƙera batir na farko a 1800. A 1824 Humphry Davy na Ingila ya nuna cewa ɗan guntun tutiya na iya kare tagullar da ke jikin jirgin ruwa daga cin ruwan teku.

5/ Darasin shi ne: in tutiya da ƙarfe suna manne, ruwa ya same su, tutiyar ce ke fara lalacewa. Ko an karce wayar, tutiyar da ke kewaye da wurin za ta ci gaba da ɗaukar dukan. Fansa take yi da kanta. Ranar da ta ƙare, ranar tsatsa ke shiga.

6/ A 1837 injiniya Stanislas Sorel ya samu takardar mallakar fasahar a Faransa: a wanke ƙarfe da asid, a tsoma shi cikin narkakkiyar tutiya. Shi ya jingina sunan aikin ga Galvani. Abin dariya, babu lantarki ko kaɗan a tukunyarsa, wuta ce kawai.

7/ Wannan ita ce hanya ta farko, tsomi mai zafi. Tutiya na narkewa a wajen digiri 420, ana riƙe tukunyar a wajen 450. Zafin yana sa tutiyar ta haɗu da fatar ƙarfen su zama jiki ɗaya. Rigar na fitowa da kauri, launinta toka-toka, ba ta da kyan gani.

8/ Hanya ta biyu ta lantarki ce. Ana jan wayar ta cikin ruwan gishirin tutiya, lantarki yana liƙa mata tutiyar a hankali. Tana fitowa sumul, tana ƙyalli, tana lanƙwasuwa ba tare da rigar ta tsage ba. Sai dai galibin wadda ake kawowa kasuwa rigarta siririya ce ƙwarai. Ita na saya wa Umma.

9/ Yanzu mu je Amurka, inda zaɓin waya ya zama batun rai da mutuwa. Gadar Brooklyn a birnin Niyok, wadda aka buɗe a 1883, tana rataye ne a jikin manyan igiyoyi huɗu na wayar ƙarfe. Injiniya Washington Roebling ya sa a yi amfani da waya mai rigar tutiya saboda iskar gishiri da ke kaɗawa a kan kogin.

10/ Amma ɗan kwangilar wayar, J. Lloyd Haigh, ya yi wayo. Masu dubawa su amince da waya mai kyau, a loda ta, a hanya a musanya ta da wadda aka ƙi. A 1878 asiri ya tonu, lokacin an riga an saƙa mara kyau cikin igiyoyin, ba halin cirewa. Sai aka ƙara waya kusan 150 a kowace igiya. Gadar na nan tsaye har yau, gurɓatacciyar wayar na ciki.

11/ Abin da ya cece ta, Roebling ya tsara igiyoyin da ƙarfi ninkin ba ninkin abin da ake buƙata. Umma kam ba ta da wannan rarar. Kuɗin adashi ne, in ya tafi ya tafi. Galibinmu haka muke.

12/ To wace za ka zaɓa? Ka fara tambayar kanka inda wayar za ta zauna. Cikin ɗaki, inda ba ruwa ba raɓa, ta lantarki ta wadatar, kuma ta fi araha. Shingen gona, kejin kaji, ko duk abin da zai kwana a waje, tsomi mai zafi. Kashin kaji ma kansa yana cin tutiya. Wayar da za ta daɗe a Kano ba lallai ta daɗe a Legas ba, saboda danshi da gishirin teku.

13/ A shago, kada ka tsaya a kalmar "galbanais". Tambayi mai shago wace iri ce, kuma giram nawa na tutiya ke kan kowace murabba'in mita. Kamfanonin kirki suna rubutawa. In raga ce mai walda, tambaya ko bayan walda aka tsoma ta, don walda na ƙone tutiya a mahaɗa. Tamu ma daga mahaɗar ta fara ja.

14/ Na sayo mai tokar da kuɗin aljihuna na zango guda. Da Umma ta gan ta sai ta ce, "Wannan mummunar ka kawo min?" Na ce, "Umma, ki yi haƙuri ki ba ta damina uku." Ta ce Allah ya kai mu. Ɗaya ta wuce lafiya. Ku fa, wace waya ce a shingen gidanku, kuma shekararta nawa?