Liberty: jiragen ruwan dakon soji da makamai na Yaƙin Duniya na Biyu

Liberty suna ne na wani samfurin jiragen ruwan dakon kaya da Amurka ta ƙera tsakanin 1941 da 1945, domin kai makamai, motoci, abinci da sojoji fagagen yaƙi a Turai, Afirka ta Arewa da yankin tekun Pasifik. An ƙera guda 2710 a wuraren ƙira 18.

Dalilin ƙera su shi ne ɓarnar da jiragen ƙarƙashin teku na Jamus suke yi a tekun Atlantika. Ingila ta dogara da teku wajen samun abinci da man fetur, ga shi ana nutsar mata da jirage fiye da yadda take iya maye gurbinsu. Sai Amurka ta ɗauki wani tsarin jirgi mai sauƙi na Ingila, ta ƙudiri ƙera shi da yawa cikin gaggawa. Na farko, Patrick Henry, ya shiga ruwa ranar 27 ga Satumba 1941.

Tsawon kowane jirgi ya kusa mita 135, yana ɗaukar kaya kimanin ton 10 000, amma gudunsa bai wuce kilomita 20 a awa ba. Saboda wannan nawa, a ayari suke tafiya, jiragen yaƙi na yi masu rakiya. An gyara wasu daga cikinsu domin ɗaukar sojoji.

Saurin ƙirar ya samo asali ne daga yadda aka tsara aikin. Ana shirya sassan jirgi daban-daban, sannan a haɗe su da walda maimakon ƙusoshi, kuma mata da dama sun shiga aikin. Da farko jirgi ɗaya kan ci kwana 230, daga baya ya koma kamar kwana 42. A Nuwamba 1942 an haɗa Robert E. Peary cikin ƙasa da kwana 5 a jihar Kalifoniya. Gaggawar ta zo da matsala: ƙarfen wasu jiragen ya riƙa tsagewa cikin ruwa mai tsananin sanyi, har wasu suka rabe biyu.

Bayan taron Anfa na Janairu 1943, Amurka ta aiko ta teku da kayan yaƙin da aka bai wa rundunar Faransa a Afirka ta Arewa. Wannan runduna, wadda ta ƙunshi sojojin Afirka ta Yamma da ake kira tirailleurs, ta sauka Provence, kudancin Faransa, a Agusta 1944.

Da yaƙi ya ƙare, an sayar da ɗaruruwan jiragen ga ƴan kasuwa, Faransa kuma ta samu 75. A yau John W. Brown a Baltimore da Jeremiah O'Brien a San Francisco sun zama gidajen tarihi, kuma har yanzu suna iya fita teku.